Amsa ga ɗan'uwan da ya dawo daga Sheffield Park da ɓacin rai

Ɗan'uwa, wallahi kamar daga bakina ka ɗauko maganar nan. Ka ce kun je lambun Sheffield Park a Sussex, a Ingila, ka ji labarin Lord Sheffield mai kurket (wasan ƙwallo da sanda) da lambu, sai ka tsaya bakin tafki kana tunanin su wa suka haƙa shi, ga ka kai ma kana aikin lambu a gidan wani da ko sannu ba ya yi maka. Kana tambaya ko ka ajiye aikin.

Ni dai ban iya tsanar Lord Sheffield ba, duk da zafin da nake ji. An haife shi a 1832, sunansa Henry Holroyd. Wasa ɗaya tak na babban mataki ya buga wa Sussex, a 1854, don haka ba gwanin fili ba ne, dukiyarsa ya zuba. Ya yi filin kurket a cikin gidansa, a 1896 'yan Ostareliya suka zo wasa, Yarima mai jiran gadon Ingila ya halarta, mutum kusan 25,000 suka shiga ba a karɓi ko kwabo ba. Shi ya ɗauki nauyin tafiyar 'yan wasan Ingila zuwa Ostareliya a 1891 zuwa 1892, ya ba da fam 150 aka yi garkuwar Sheffield Shield da ake gasarta a Ostareliya har yau. Magangarar ruwan da ka gani, duwatsunta ma'aikatan kamfanin Pulham ne suka ƙera masa da hannu. Ya mutu a Faransa a 1909, bai yi aure ba, ga bashi, gidan ya koma hannun Arthur Soames, wanda ya dasa yawancin itatuwan da ke yin ja da kaka. Mutumin ya so abin da gaske, har ya ƙarar da kansa a kai.

Abin da ke ci min rai tsarin zamanin ne. Masu wasa don sha'awa ɗakin canza kayansu daban, ƙofar shigarsu fili daban, masu wasa don albashi su bi ta gefe. A tafiyar nan ta Ostareliya, W. G. Grace, shahararren ɗan kurket ɗin Ingila da ake cewa ba don kuɗi yake wasa ba, fam 3,000 ya karɓa. Alfred Shaw kuwa, wanda ya jefa ƙwallon farko a wasan Test na farko, tsakanin Ingila da Ostareliya, a 1877, ma'aikacin Lord Sheffield ne, yana koya wa matasan Sussex. Sai a 1962 aka soke wannan bambanci a kurket. A lambu ban ga an soke shi ba.

Na yi aiki a gidan wani tsoho, shi ma ya yi kurket da ƙuruciya, tsofaffin sandunansa na rataye a zaure. Gadajen furen wardi da ke gaban gidan ni na tone su, cikin sanyin Janairu, ƙasa ta daskare, yatsuna sun tsattsage har ban iya riƙe kofin shayi. Ni na ɗauko takin doki a baro, ni na yi musu aski, ni na bi ganye ɗaya ɗaya ina cire masu baƙin tabo. Ranar da aka buɗe lambun ga baƙi, na saka rigata mai kyau, sai ya kira ni ya ce in shigo ta ƙofar baya in tsaya wajen rumfar kayan aiki, idan an buƙaci kujeru za a neme ni. Daga can ina jin wata mata tana tambayarsa wa ya yi wannan aiki, ya ce ai shi da kansa ne, da ɗan taimako. Ɗan taimako! Mutumin da bai san inda almakashin yankan reshe yake ba. Na tsaya riƙe da kujera, hawaye suka cika min ido, ban iya ko motsawa ba. Washegari ya wuce ni yana waya, ko kallo ban ishe shi ba. Har yau idan na ji ƙanshin wardi bayan ruwan sama sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kada ka bar aikin cikin fushi, musamman yanzu da hunturu ke tafe, aikin lambu yana ƙaranci. Ka riƙa ɗaukar hoton kowane gado kafin ka taɓa shi da bayan ya yi fure. Ka sami ɗan littafi kana rubuta abin da ka dasa da ranar da ka dasa, shi ne shaidarka. Ka nemi takardar shaidar RHS, ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, ta mataki na biyu, ana yin karatun da yamma, ni ita ta fitar da ni daga wancan gida. Kuma don Allah ka sayi abin kare gwiwa mai kyau, nawa sun riga sun lalace, ko sujada sai na dafa. Idan azumi ya zo, aikin haƙa ka yi shi da sassafe.

Ka yi wa mai gidan da kake aiki magana sau ɗaya, cikin ladabi, ka ce kana son takardar shaidar aiki da sunanka da abin da ka yi a rubuce. Idan ya ƙi, ka fara neman wani wuri a hankali, zuwa Maris ake ɗaukar mutane. Ka turo min hotunan gadajenka ta akwatin saƙo, ina son in gani.