Amsa ga mai Prius ɗin da ta kunna jar alama

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce motarka Prius ta 2008, hybrid mai aiki da fetur da batir, ta kunna jar alamar nan mai kusurwa uku, injin ba ya hutawa ko kana tsaye, kuma bakanike ya ce babban batir ya mutu, sai dai ka sayi wani. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don irin ta gare ni, kuma na sha wannan wahalar. Don Allah kada ka ba da ko sisi tukuna.

Ni wani ɗan rewaya aka haɗa ni da shi, wai gwani ne. Ko kwamfuta bai sa mata ba, ya kwance batirin ya baje a ƙasa, ya ce in dawo jibi. Na biya, na ɗauko. Cikin azumi, ana tsananin zafi, na ɗebo iyali za mu Zariya, muna wuce Kwanar Dangora ta fara ja da baya, sai ta tsaya cak. Yara na kuka, uwargida ta yi shiru irin shirun da ka sani, ina kiransa yana kashewa. Da ya ɗauka, budar bakinsa sai cewa ya yi ai motar ce ta tsufa. Tsufa! Sai da aka buɗe a wani wuri aka ga ya cusa min tarkacen ƙwayoyin batir, wata ma ta kumbura. Nawa masu lafiya ina ya kai su? Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Batirin nan ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi 28 ne a jere, kowace volt 7.2, jimla kusan 202. Ɗaya ta raunana, motar za ta yi ƙorafi kamar duka ne suka mutu. Saboda haka a fara sa kwamfuta. In ta nuna P0A80, to batirin ne, a auna su ɗaya bayan ɗaya kana tsaye. Wani lokaci ma tsatsa ce kawai ta cinye jan ƙarfen da ke haɗa su. Kuma ka duba ƙaramin batirin volt 12 da ke cikin but, in ya yi sanyi yakan sa ta kawo ƙorafe-ƙorafen ƙarya.

Abin da ke kashe mana babban batirin zafi ne da ƙura. Akwai fanka da ke shan iska ta wata kafa a gefen kujerar baya, hannun dama. Hunturu ɗaya ya isa ya cika ta. Mu kuma sai mu jibga kaya mu toshe kafar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya rugo sayen hybrid, dillalai na ta murna, ba mai gaya maka wannan.

Canza ƙwaya ɗaya ko biyu yana yi, amma sau da yawa bayan watanni wata za ta biyo baya, don sun tsufa tare. In kana da hali, ka nemi cikakken batir ɗan Kwatano a gwada a motarka kafin ka biya.

Kada ka bar giyar motar a N cikin cunkoso, ba ta caji a haka. Kada mai ya ƙare maka ka ce za ka lallaɓa da batir. Wayoyin babban batirin masu launin ruwan lemu kuwa, kada yaron shago ya taɓa su da hannu tsirara, suna iya kisa.

Ka turo mana lambar da kwamfuta ta nuna mu gani. Allah ya kawo sauƙi.