Fatawa: Daraktan lakwal da kuɗin da iyaye suka tara

Tambaya: Malam, ina cikin kwamitin iyaye na wata lakwal a nan Maraɗi. Mun tara jaka ɗaiɗai a kan kowane yaro domin a gina aji na bulo a madadin rumfar zana, sai darakta ya ɗebi rabin kuɗin ya gyara ofishinsa. Da muka nemi a kaɗa ƙuri'a, ya ce ai wannan al'adar Nasara ce, a Musulunci shugaba ake bi. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ƴar'uwa, idan al'amarin yana yadda kika faɗa, abin da darakta ya yi bai halatta ba, kuma wajibi ne ya mayar da kuɗin.

Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan ko dole ne shugaba ya bi abin da masu shawara suka tsayar, amma wannan saɓani bai shafi mas'alarku ba, domin dukiyar ta iyaye ce, shi kuwa wakili ne da aka damƙa wa amana da sharaɗi bayyananne. Allah Ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ko da gyaran ofishin yana da amfani, wakili ba ya sauya wa kuɗi hanya sai da izinin masu su.

Batun ƙuri'a kuwa, hanya ce ta sanin ra'ayin jama'a, kuma asalinta shawara ce. An umarci Annabi da shawartar sahabbai a Ali Imrana, aya ta 159, wadda ta sauka bayan Uhudu, wato bayan shawarar da aka bi ta fita bayan gari ta ƙare da asarar rayuka, duk da haka ba a ɗage umarnin ba. Abdurrahman ɗan Aufu ma sai da ya zagaya Madina yana jin ta bakin mutane kafin a yi wa Usman mubaya'a. Iyakarta ɗaya ce: rinjaye ba ya halatta zalunci, saboda haka ko kwamitin duka ya amince a kori maraya don bai kawo kuɗinsa ba, ba za a bi shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rumfar nan. Mutanen garin nan ba su manta da gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta ci yara fiye da 20 a ajujuwan kara, kuma har yanzu ƴaƴanku suna zaune a ƙasa cikin irinta.

Ku fara samunsa a keɓe da dattijai biyu, ku nemi lissafi a rubuce da lokacin biya. Idan ya ƙi, ku kai ƙara wurin sufeton makarantu, wannan ba ya cikin gibar da aka hana. Allah ne mafi sani.