Kyanwata ta gama da kushin, ko in sa a cire mata farata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Gusau nake. Kyanwata ta yayyaga kujerun falo, jiya kuma ta yakushi autana a hannu. Wata 'yar uwata ta ce a Turai cire musu farata ake yi gaba ɗaya. Ana yin wannan aikin a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki sa a yi mata. Farcen kyanwa daga jikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, saboda haka ba ya ciruwa har abada sai an guntule wannan ƙashin. Dubi hannunki, ki ɗauka an datse kowace yatsa daga gaɓar da ke ƙasan farce. Aikin ke nan. Ga shi kuma kyanwa a kan yatsunta take takawa, sai ta tashi tana taka rauni. Wasu na ɗingishi har tsufa, wasu su daina tona ƙasa su koma fitsari kan katifa don tonon na musu zafi, wasu su koma cizo tun da an raba su da makaminsu.

Maganar Turai kuwa, Ingila ta haramta shi sai in ciwo ya tilasta, haka ƙasashen Turai da dama. A Amurka ma jihar New York ta hana a 2019. Mu nan da kyanwa ke hawa katanga, ta tsere wa kare, ta kama ɓera a sito, wadda ba farce ai an kashe ta da ranta.

Karce-karcen nan ba ƙeta ba ce. Da shi take sale tsohon ɓawon farce, ta miƙe jiki, ta bar ƙanshin tafinta a wurin. Ba za ta daina ba, sai dai a sauya mata wuri. Ki samo guntun icce mai kauri wanda ya fi tsawonta in ta miƙe, a naɗe shi tam da igiyar rama, a kafa shi daf da kujerar da ta fi so, kada ya riƙa girgiza, don in ya motsa sau ɗaya ta gama da shi. Gefen kujerar ki rufe da leda mai kauri na 'yan makonni.

Sai yankan farce, duk mako 2 zuwa 3. Ki bari ta ƙoshi tana gyangyaɗi a cinyarki, ki danna tafin a hankali, farcen zai fito. A haske za ki ga wani ja-ja a ciki, nan jini da jijiya suke, kada ki kusance shi. Tsinin da ya lanƙwasa kaɗai za ki ɗauke, da abin yanke farce, ban da reza. Farata 18 gare ta, amma na gaba su ne masu ɓarna, kuma ko biyu kika samu a rana ya isa. In kin kuskure jini ya fito, danna garin sitaci a wurin.

Shi kuma auta, a wanke hannun da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15. In ba a taɓa yi wa kyanwar rigakafin ciwon haukan kare ba, ki kai shi asibiti yau, ita kuma ki kai ta asibitin dabbobi. A kuma hana shi jan wutsiyarta da yi mata wasa da yatsu, a ɗaura masa tsumma a bakin kara ya riƙa ja mata.