Lambar /dev/pts tana canzawa, in sayi sabon faifai?

Tambaya: Na sayi laftof 'yar gwanjo mai Ubuntu don in koyi Linux. In na buɗe tagar umarni na rubuta tty, yau in ga /dev/pts/0, gobe /dev/pts/2. Mai gyara a garinmu ya ce faifan ajiya ne ya fara lalacewa, in kawo kuɗi ya sa sabo. In saya? Daga wani ɗalibi a ƙauyen Ringim.

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu. Wannan lamba ba ruwanta da faifai. Sunan na'urar wucin gadi ce da Linux yake ƙirƙira wa tagar umarni, wadda ba ta wanzuwa sai lokacin da tagar take buɗe.

Duk sanda ka buɗe taga, manhajar tagar takan ƙwanƙwasa /dev/ptmx, wato ƙofar da ake neman sabuwar lamba, sai Linux ya duba lamba mafi ƙanƙanta da ba kowa a kanta ya ba ta. Ka san yadda mai cajin waya yake yi a kasuwa: ya manna wa wayarka lamba, in ka zo ka karɓa, lambar ta koma hannunsa, ya ba na gaba. To haka ne. Gwada da kanka: buɗe taga uku, rufe ta tsakiya, ka sake buɗe wata. Za ka ga sabuwar ta gaji lambar wadda ka rufe. Ranar da ka ga 2 kuwa, akwai abin da ya riga ka kama 0 da 1, ko wani shafi da ka manta a buɗe, ko wata manhaja.

Tsarin ma ba na jiya ba ne, Unix98 ake ce masa. Kafin shi sunayen a yanke suke, irin su /dev/ttyp0, guda 256 kacal. Yanzu iyakar da aka saba sawa 4096 ce, ko kusa ba za ka je ba.

Abu ɗaya dai zan so ka duba, tunda laftof ɗin ta bi ta hannun wani. Mai shigowa daga nesa ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta ta intanet, shi ma lambar pts ake ba shi. Rubuta who, umarnin da ke nuna waɗanda suka shiga kwamfutar. In ka ga sunan da ba ka sani ba, ko adireshin intanet a gefen layin, canza kalmar sirri nan take, ka kashe SSH.

Faifan kuma, in zuciyarka ba ta kwanta ba, buɗe manhajar Disks da ke cikin Ubuntu ka duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyar faifan. Kyauta ne. Sai in ta nuna matsala sannan ku yi maganar ciniki da mai gyaran.