Ga 'yar'uwar da abinci ya fita mata a rai

'Yar'uwa, kin ce kin shafe wata biyu ba kya sha'awar abinci, kina rama, kuma kin fara ganin wasu fararen abubuwa masu faɗi a bayan gidanki. Wallahi da na karanta sai na ji kamar labarina kike bayarwa, domin haka tsila ta yi mini.

Ni ma da rashin cin abinci abin ya fara. Sai in zauna gaban kwano, in kai loma biyu, zuciyata ta fara tashi, cikina ya riƙa murɗawa a hankali. Na je wurin wani ma'aikacin lafiya har sau uku, amma ko sau ɗaya bai ce in kawo bayan gida a gwada ba. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce gyambon ciki ne, a zuwa na biyu kuma ya ce tunani ne ya yi mini yawa, ya rubuta mini maganin ƙara jin yunwa. Na sha kwalba huɗu a banza. Har yau idan na tuna yadda ya yi murmushi lokacin da na daure na ambaci abin da nake gani, raina yana ɓaci, domin kunya ta sa na yi makonni kafin in iya furta maganar.

Ranar da ba zan manta ba, ina zaune cikin mutane na ji wani abu yana motsi a jikina. Da na keɓe na duba, sai ga guntun abu fari, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, yana miƙewa yana takurewa da kansa. A nan na durƙusa na yi kuka.

Don Allah kada ki bi hanyar da na bi. Ki sa guntun a cikin kwalba mai murfi ki kai asibiti, ki nemi gwajin bayan gida, kuma idan ba a ga komai ba a karon farko a sake, saboda ƙwan ba kullum yake fita ba. Likitar da ta gano nawa ta bayyana mini cewa tsilar da ake ɗauka daga naman shanu wanda bai dahu sosai ba takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta girma, kuma tana iya kai mita 10 a cikin hanji. Abin da muke gani gaɓoɓinta ne kawai, kan tsilar yana nan maƙale a hanji, shi ya sa take sake tsirowa idan magani bai kashe shi ba.

Wani magani mai suna praziquantel aka ba ni, sha ɗaya, gwargwadon nauyin jikina. Maganin tsutsar ciki da aka saba sha sau ɗaya ba lallai ya isa ga tsila ba. Amma kada ki saya da kanki, musamman idan kina fama da ciwon kai mai tsanani ko kin taɓa yin farfaɗiya, domin akwai nau'in tsilar da 'ya'yan da ke fitowa daga ƙwansa ke kaiwa ƙwaƙwalwa, dole likita ya san wannan tukuna.

Ki riƙa wanke hannu da sabulu bayan kin kewaya, nama kuma a dafa shi har jan cikinsa ya ɓace. Ni cikin mako biyu yunwa ta dawo mini, bayan wata uku aka sake gwaji ba a ga komai ba. Allah Ya ba ki lafiya, ki dawo ki sanar da mu sakamakon gwajin.