Hukuncin Amfani da Kalmomin Yaƙi Wajen Maganar Rage Ƙiba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Likita ya umarce ni da in rage nauyi saboda hawan jini da ciwon gwiwa, sai na haɗu da wasu mata muna motsa jiki tare muna ƙarfafa juna. Maganarmu kullum ta fagen fama ce: mun ɗaura ɗamarar yaƙi da ƙiba, teɓa maƙiyiya ce, wadda ta rage ta ci nasara, wadda nauyinta ya dawo ta sha kashi. Shugabarmu har jihadi take kiran abin. Sai wata daga cikinmu ta ce wannan wasa ne da kalmar addini, kuma raina halittar Allah ne. Mene ne hukuncin irin wannan magana, kuma muna da lada irin na mai jihadi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, Ya saka wa wadda ta yi muku gyara da alheri, domin akwai gaskiya a cikin maganarta ko da yake ta faɗaɗa ta fiye da inda ta tsaya.

Asalin aron kalmomin yaƙi domin a siffanta wani ƙoƙari mai wuya halal ne, kuma babu wani nassi da ya hana shi. Mutane suna cewa yaƙi da jahilci, yaƙi da talauci, yaƙi da cin hanci, kuma ba wanda ya fahimci cewa za a zare takobi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi amfani da irin wannan salo, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya ce azumi garkuwa ne, garkuwa kuwa kayan yaƙi ce. A cikin hadisin Haris al-Ash'ari da Tirmizi ya ruwaito, an misalta mai ambaton Allah da mutumin da abokan gaba suka biyo sawunsa har ya shiga ganuwa mai ƙarfi ya tsare kansa daga gare su. Haka nan ya ce ba mai kayar da mutane a kokawa ne ƙaƙƙarfa ba, ƙaƙƙarfa shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Saboda haka idan mace ta ce tana yaƙi da ƙiba, tana nufin ta dage wajen gyara cin abincinta da motsa jikinta, ba ta yi zunubi ba, kuma ba daidai ba ne a ƙuntata mata a kan abin da shari'a ta bari a buɗe. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce al'amura suna tafiya ne bisa manufofinsu.

Sai dai halaccin asali bai sa kowace kalma ta zama daidai da 'yar'uwarta ba, domin shari'a ta kula da zaɓen lafazi ko da ma'ana ɗaya ce. A aya ta 104 ta Suratul Baƙara, Allah Ya hana muminai su ce wa Annabi (SAW) "ra'ina", wato ka kula da mu, Ya umarce su da su ce "unzurna", wato ka dube mu, alhali su ba su nufi komai da ta farkon ba sai alheri. Dalilin da ya fi kusa da tambayarki shi ne hadisin Nana A'isha (RA) da yake cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya hana mutum ya ce "khabusat nafsi", wato raina ya ƙazanta, ya ce sai dai ya ce "laƙisat nafsi", wato zuciyata tana tashi. Malamai irin su Khaɗɗabi sun bayyana cewa jimlolin biyu abu guda suke nufi, amma Annabi (SAW) ya ƙi mumini ya jingina wa kansa kalmar ƙazanta. Kalmar yaƙi ma kanta ba ta cikin waɗanda yake so a liƙa wa mutum: Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa ya nemi wanda zai tatsi wata taguwa, wani mai suna Murra ya miƙe ya ce masa zauna, wani mai suna Harb, wato yaƙi, ya miƙe shi ma ya ce masa zauna, sai da mai suna Ya'ish ya miƙe sannan ya ce masa tatsa.

Abin da ya kamata a tambaya a kowane yaƙi shi ne, da wa ake yin sa? Nan ne hukuncin yake rabuwa. Idan abokin gabar da kuke nufi shi ne kwaɗayi da kasala da wuce iyaka wajen ci, to kun dace da abin da shari'a ta zarga. Allah Ya ce a aya ta 31 ta Suratul A'araf, ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, kuma Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, 'yan lomomin da za su miƙar da bayansa sun ishe shi, idan kuwa babu makawa to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Amma idan abokin gabar ya zama jikin kansa, har mace ta dubi madubi ta ce ta tsani wannan jiki, ko ta zage shi, ko ta ce sai ta hukunta shi saboda abin da ta ci jiya, to magana ta bar fagen halal. Mafi ƙarancin hukuncinta karhanci ne, kuma tana kaiwa ga haramci idan ta haɗa da tsinuwa ko fushi da yadda Allah Ya yi halittarsa. Jiki amana ne, kuma Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru (RA), lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Wanda shari'a ta ba shi haƙƙi a kanki ba ya zama maƙiyinki. Maƙiyin da aka umarce mu mu riƙa maƙiyi an ambace shi da sunansa a aya ta 6 ta Suratu Faɗir, shi ne Shaiɗan. Har zazzaɓi ma, wanda cuta ce tsantsa, Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana Ummu Sa'ib ta zage shi.

Akwai kuma illar da maganar nasara da shan kashi take haifarwa, wadda likitoci suka fi mu saninta, kuma fatawa ba ta inganta sai an san haƙiƙanin abin da ake yi wa hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma yawanta tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Abin da ya game duniya haka ba za a ce raunin zuciyar kowane mutum ɗaya ne kaɗai ya jawo shi ba. Akwai gado, akwai ƙarancin barci, akwai raunin aikin wata halitta a wuya da likitoci suke kira thyroid, wadda ke sarrafa ƙona abinci a jiki, akwai magungunan da suke ƙara nauyi kamar insulin da wasu magungunan kumburi da na taɓin hankali. Sannan an tabbatar cewa idan mutum ya rage nauyi, jikinsa yakan rage yawan kuzarin da yake ƙonawa, sinadaran da suke tayar da yunwa kuma su ƙaru, shi ya sa mafi yawan masu ragewa nauyin yakan dawo musu, duka ko wani sashe. Allah ne Ya gina jiki a kan haka domin ya tsira a lokacin yunwa. To idan aka gaya wa wadda nauyinta ya dawo cewa ta sha kashi, an ɗora mata laifin da wataƙila ba nata ba ne, kuma sau da yawa abin da yake biyo baya shi ne kunya, sai ta daina zuwa wurin motsa jikin gaba ɗaya, ko ta koma ta ninka tsanani a kan kanta.

Wannan tsananin shi ne abin da na fi jin tsoro a kan 'yan mata musamman. Mai ganin tana fagen yaƙi takan ɗauka kowace dabara ta halatta: ƙin cin abinci na kwanaki, jawo amai da gangan bayan ci, shan magungunan gudawa ko ƙwayoyin da ba likita ya rubuta ba. Cutar ƙauracewa abinci da likitoci suke kira anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kashe masu su. Duk wannan haramun ne, saboda faɗin Allah a aya ta 195 ta Suratul Baƙara cewa kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka, da kuma ƙa'idar babu cuta babu cutarwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen zai tafi da ƙafa, sai ya ce Allah mawadaci ne daga azabtarwar da wannan yake yi wa kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Idan ba a yarda mutum ya azabtar da jikinsa da sunan ibada ba, ina ga azabtar da shi saboda lambar da sikeli ya nuna? Abin da ake buƙata ma bai kai yadda kalmar yaƙi take sa a zata ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari da aka sa su neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin ya ragu musu da kashi 58 cikin ɗari.

Haka nan ku kiyaye kada yaƙi da ƙiba ya zama yaƙi da masu ƙiba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ta ambaci mata daban bayan ta ambaci maza. Wasu suna kafa hujja da hadisin Imrana ɗan Husaini (RA) da ya ambaci mutanen da ƙiba za ta bayyana a cikinsu bayan ƙarnuka mafifita, amma Imamu Nawawi ya yi bayani cewa abin zargi shi ne wanda ya nemo ta da wuce iyaka a ci da sha, ban da wanda halittarsa ce haka. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tsere da Annabi (SAW) ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake tsere ya wuce ta, abin da ya ce kawai shi ne wannan ramuwar waccan ce, bai aibata ta da komai ba.

Game da kalmar jihadi kuwa, tana da ma'ana mai faɗi da ma'ana keɓantacciya. Mai faɗin ta tabbata: Tirmizi da Ahmad sun ruwaito daga Fadala ɗan Ubaid (RA) cewa mujahidi shi ne wanda ya yi jihadi da ransa, a lafazin Ahmad an ƙara da cewa wajen ɗa'a ga Allah, kuma Annabi (SAW) ya kira hidimar iyaye jihadi, ya kira hajji jihadin mata. Ibnul Ƙayyim ya sanya jihadin rai a matakin farko cikin matakai huɗu da ya ambata a Zadul Ma'ad. Maganar nan da ta yaɗu, cewa mun dawo daga ƙaramin jihadi zuwa babba, ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba, don haka kada a kafa hujja da ita. Wadda ta danne kwaɗayinta domin ta bi umarnin Allah na barin ɓarna, ta tsare amanar lafiyarta, ta samu ƙarfin tsayuwa da sujada, tana cikin masu mujahada da ransu kuma tana da lada gwargwadon niyyarta. Wadda kuma take yi domin ado na halal kawai ta yi abin da ya halatta, sai dai ba a kiran aikinta jihadi. Falalar da nassoshi suka keɓe wa mai fita fagen fama da shahidi kuwa ba ta tabbata ga ɗayansu, domin lada abu ne da ba a faɗinsa sai da dalili.

Shawarata ga shugabarku ita ce ta bar sanya wa shirin naku sunan jihadi, saboda a cikinku akwai masu niyya daban-daban, kuma yawan jefa kalmar a kan kowane aiki yana rage mata kwarjini a zukatan masu ji. Ba na cewa ta yi saɓo a kan abin da ya wuce, tunda ba izgili ta nufa ba. Faɗin "muna yaƙi da ƙiba" babu laifi a cikinsa, ko da yake "muna kula da lafiyarmu" ya fi dacewa da umarnin aya ta 53 ta Suratul Isra'i na faɗin abin da ya fi kyau. Kiran jiki ko wani sashensa maƙiyi ku bar shi, haka ma cewa wata ta sha kashi. Wadda nauyinta ya dawo a tambaye ta barcinta da magungunan da take sha, a ba ta shawarar ta koma wurin likitanta. Allah ne Mafi sani.