Sunan Smith: laƙabin maƙerin ƙauye da ya zama sunan gidan miliyoyin mutane

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma muna ɗaukar darasi a zauren da aka sa wa sunan Abdullahi Smith. An ce mini Bature ne ɗan Ingila da ya musulunta. To ga kuma Will Smith ɗan fim, wanda baƙar fata ne ɗan Amurka, ga Ian Smith da ya mulki Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau. Shin duk tsatsonsu ɗaya ne? Mece ce ma'anar sunan, kuma me ya sa ya yi yawa haka a cikin Turawa? Allah ya ƙara wa Malam basira.

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, na gode. Smith dai ma'anarsa maƙeri. Mutanen nan uku da ka lissafa kuwa babu wata hujja da ta nuna cewa kakansu ɗaya, domin sunan ya tsiro ne a maƙeru masu ɗimbin yawa, a ƙauyuka daban-daban, a wurin mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Kalmar tsohuwa ce, ta girmi ƙasar Ingila kanta. Ƙabilun Angil da Sakson ne suka tsallaka da ita tsibirin Birtaniya daga yankin arewacin Jamus da Denmak na yau, tun wajen ƙarni na 5. Shi ya sa har gobe Bajamushe ke ce wa maƙeri Schmied, sunan gidan kuma ya zama Schmidt, mutanen Holan su ce smid, na Denmak su ce smed. A farkon lamari kalmar ta fi faɗi, tana nufin gwani mai sarrafa abu da hannunsa, ko da itace ne, daga baya ta tsaya a kan mai aikin ƙarfe. Za ka yi ta cin karo da masu cewa ta fito ne daga kalmar smite, wato duka, tunda maƙeri dukan ƙarfe yake yi. Bayanin yana da daɗin ji, amma masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa tushenta wani ne daban, mai ma'anar sassaƙa ko yanka da kaifi. Ni ma can na fi natsuwa.

Abin da ya kamata ka sani shi ne, Turawan Ingila na da can ba su da sunan gida da ake gado. Mutum sunansa ɗaya ne, sai idan an rasa gane wa ake nufi a ƙara masa laƙabi, kamar dai yadda a garinku za a ce Audu Maƙeri don a bambanta shi da Audu Wanzami da Audu Dogo. Mafi tsufan rubutun da masana suka saba ambata shi ne na wani Ecceard Smith, a yankin Durham da ke arewacin Ingila, wajen shekarar 975. Wannan bawan Allah sana'arsa aka faɗa. Da ɗansa zai zama masaƙi, ba wanda zai kira shi Smith.

Al'amura sun fara sauyawa bayan 1066, lokacin da Normawa suka tsallako daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Manyan masu ƙasa ne suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, saboda gadon filaye yana buƙatar a san wane ɗan wane. Talakawa sun biyo baya a hankali, cikin shekaru kusan 300. Abin da ya tura su shi ne takarda: rajistar kotun gunduma, yarjejeniyar hayar gona, da kuma haraji. A 1377 sarauta ta sa harajin kai, kwabo huɗu na zamanin a kan duk wanda ya kai shekara 14, aka sake sa wani a 1379 da 1381, har na ƙarshen ya jawo boren talakawa. Takardun wannan haraji da suka tsira suna cikin manyan taskokin masu binciken sunaye a yau. Ka ɗauka a ranka magatakarda ya zauna a ƙauye da tawada da alƙalamin gashin tsuntsu, ga maza goma a gabansa, huɗu sunansu John, biyu William, domin a lokacin sunayen yanka kaɗan ne ke yawo. Dole ya ƙara wani abu. Wannan ya zama John ɗan Richard, wancan John na bakin rafi, na uku John maƙeri. Sau da yawa ma da Latin yake rubutawa, sai ya sa Faber, ko da Faransanci ya sa le Fevre, alhali maƙwabta Smith suke kiran mutumin. Zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila, musamman na kudu, sun riga sun sami sunan da ake gado. Arewa ta ɗan makara, Wales kuwa ta makara da ƙarnoni.

Akwai wata alama da masu bincike ke nema a tsofaffin takardu, wadda ni tana burge ni ƙwarai. Idan suka ga an rubuta mutum da sunan Smith, amma a gefe an ce sana'arsa gasa burodi ko jima, sun san a nan laƙabi ya rabu da sana'a, ya zama sunan gida. Daga wannan rana jika da tattaɓa-kunne za su ɗauke shi ko da ba su taɓa riƙe masaba ba. Adam Smith, masanin tattalin arzikin nan na Sikotland da aka haifa a 1723, mahaifinsa jami'in kwastan ne a garin Kirkcaldy.

Yanzu ga gundarin tambayarka: me ya sa ya yi yawa? Ai manoma sun fi maƙera yawa nesa ba kusa ba, me ya hana sunan manomi ya yi rinjaye? Dalili shi ne laƙabi ba ya aiki sai ya bambanta. A ƙauyen da kowa manomi ne, ka ce John manomi ba ka faɗi komai ba. (Sunan Farmer da kake gani ma asalinsa mai karɓar haraji ko kuɗin haya ne a madadin mai ƙasa, ma'anar noma daga baya ta shigo.) Maƙeri kuwa kowane ƙauye yana da shi, kuma yawanci ɗaya ne ko biyu. Ya yi ƙarancin da zai zama alama a cikin gari, ya kuma yi yawan da zai cika ƙasa.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san matsayin wannan mutum. Ina yaro, idan damina ta kawo kai, akan aike ni maƙera da fartanyar da bakinta ya dakushe. In tarar da layi, yaro yana ta zuga zugazugi, gawayi ya yi jajir, maƙerin ya ciro ƙarfe da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, tartsatsi na tashi, manoma na zaune a gindin bango kowa da abin da ya kawo. Ranar da ba shi da lafiya, rabin garin aikinsa ya tsaya. Haka abin yake a ƙauyen Ingila na ƙarni na 13. Bakin garmar shanu, lauje, gatari, ƙusa, sarƙa, ƙyauren ƙofa, duk daga hannunsa suke fitowa, ga kuma takalmin doki na ƙarfe, wanda a ƙasa mai laka da sanyi irin tasu aiki ne da ba ya ƙarewa. Idan yaƙi ya taso, a koma kansa neman bakin mashi da na kibiya. Sana'a ce kuma ta gado, domin kayan aikinta masu tsada ne, uba ke bar wa ɗa, don haka laƙabin yakan zauna a gida ɗaya tsawon zuriya biyu ko uku, daidai lokacin da sunaye ke daskarewa.

Yawan tushen nan ya kuma kare sunan daga ɓacewa. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe tsakanin kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin jama'a. Sunan da gida ɗaya kacal ke ɗauke da shi yana iya gushewa a irin wannan musiba, ko kuma a hankali idan aka rasa ɗa namiji. Smith kuwa idan ya mutu a wannan ƙauye, yana nan da rai a wasu ɗaruruwa.

Kimiyyar gado ta zo ta gaskata abin da takardu suka nuna. A Jami'ar Leicester, Turi King da Mark Jobling sun binciki ƙwayar halittar da ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa kaɗai, wadda ke bin hanya ɗaya da sunan gida, suka wallafa sakamakon a 2009. A cikin masu suna Attenborough, wanda suna ne da ba shi da yawa, kusan tara cikin goma sun haɗu a tsatso guda. Masu suna Smith kuwa sun fito a warwatse, kamar dai an tsinto maza ne daga kan titi.

Bayan haka, wasu koguna sun kwararo cikin wannan gulbi. A Ireland da tsaunukan Sikotland, masu yaren Gelik suna da nasu sunan, Mac Gabhann, wato ɗan maƙeri. Da mulkin Ingila da harshenta suka yi ƙarfi, wasu suka rubuta shi MacGowan, wasu da yawa suka fassara shi kai tsaye zuwa Smith, musamman a gundumar Cavan ta Ireland. A Amurka, Jamusawa masu suna Schmidt da dama sun mayar da nasu Smith, abin ya ƙaru lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da ake kallon duk mai sunan Jamus da zargi. Sai kuma babi mai ɗaci. Mutanen Afirka da aka kai bauta Amurka da tsibiran Karibiyan an raba su da sunayen kakanninsu. Da aka soke bauta a Amurka a 1865, wasu suka ci gaba da sunan gidan da aka bautar da su, wasu suka zaɓi suna da kansu, wasu kuma maƙera ne na haƙiƙa, domin ƙira tana cikin sana'o'in da bayi suka yi fice a kansu. Fiye da kashi ɗaya bisa biyar na masu suna Smith a Amurka yau baƙaƙen fata ne. Ko M. G. Smith, masanin da ya yi bincike mai zurfi a kan sarautar Zazzau, haifaffen Jamaika ne. A Legas ma akwai gidajen Smith, tun zamanin da 'yantattun bayi suka dawo daga Saliyo a ƙarni na 19 da sunayen Turawa, ga kuma tasirin makarantun mishan. Musiliu Smith, wanda ya riƙe Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya daga 1999 zuwa 2002, ɗan Legas ne.

Ta fuskar adadi, Smith ne kan gaba a Ingila da Sikotland da Amurka da Ostireliya. A Ingila, cikin kowane mutum 100 za ka sami aƙalla ɗaya mai wannan suna. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta sami mutum 2,442,977, sai Johnson da ke biye da shi da kusan miliyan 1.9. A Wales ne ya sha kashi, inda Jones ke riƙe da kambu. Kuma ba Ingilishi kaɗai ba ne: Ferrari a Italiya, Lefebvre a Faransa, Kowalski a Foland, Kuznetsov a Rasha, Haddad a ƙasashen Larabawa, duk maƙera suke komawa.

Idan ka ga Smyth ko Smythe, suna ɗaya ne. Marubutan da can sukan sa y a madadin i kusa da harafin m, don kada tsayayyun layukan rubutun hannu su cakuɗe wa mai karatu, daga baya wasu gidaje suka riƙe wannan rubutu don su fita daban. Akwai kuma rassan da suka fayyace irin ƙirar: Goldsmith maƙerin zinariya, Arrowsmith mai ƙera bakin kibiya, Shoesmith mai takalmin doki, Smithson ɗan maƙeri. Abin sha'awa, Turanci ma ya raba mai aikin baƙin ƙarfe da mai aikin farin ƙarfe da kalmomin baƙi da fari, kamar yadda Bahaushe ke cewa maƙeran baƙi da maƙeran fari.

To mu dawo kan mutanenka uku. Ian Smith an haife shi a Rodeshiya a 1919, mahaifinsa kuwa daga Sikotland ya yi ƙaura zuwa can. Will Smith haifaffen Philadelphia ne, sunansa yana cikin tarihin baƙaƙen Amurka da na ambata. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi a jami'arku kuma ya assasa Arewa House a Kaduna a 1970, ɗan Ingila ne, H. F. C. Smith ake kiransa kafin ya musulunta. Ya sauya sunan yanka, ya bar na gidansu yadda yake, har ya rasu a 1984.

Wanda ke son ya tabbatar da dangantaka tsakanin Smith biyu sai ya bi ta takarda, uba bayan uba: rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati, wadda aka fara a Ingila da Wales a 1837, sannan littattafan coci da aka umarci a riƙa ajiyewa tun 1538. Masu wannan aiki sun san Smith na cikin sunayen da suka fi ba su wahala, domin a gari ɗaya, a shekara ɗaya, ana iya samun John Smith fiye da ɗaya da aka yi wa baftisma, sai an haɗa da sunan uwa da sana'ar uba da unguwar da suka zauna kafin a gane wanne ne kakan da ake nema.